Babi na Shida: Ƙofar da Ba Ta San Oga Ba

Wanda ya bi ta Kakuri a yau ya ga dogayen gine-ginen masaƙu a garƙame, da wuya ya kawo a ransa cewa akwai darasin manhaja a wurin. A nan aka buɗe Kaduna Textiles Limited a 1957, zamanin Sardauna, da haɗin gwiwar kamfanin David Whitehead na Ingila, sannan UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, har kudancin kogin Kaduna ya zama cibiyar saƙa ta ƙasa baki ɗaya. Duk wanda ya yi aiki a ɗakin saƙa ya san babban abin tsoro shi ne zare ɗaya ya tsinke injin bai tsaya ba, domin zai ci gaba da fitar da yadi mai aibi har sai ido ya kai wurin, kafin nan kuwa an yi asarar zare da lokaci. Wani Bajapane mai suna Sakichi Toyoda ya yi suna wajen maganin wannan. A injin da ya kammala a 1924, kowane zaren tsaye yana ɗauke da ɗan siririn ƙarfe, da zaren ya tsinke ƙarfen ya faɗi, injin ya tsaya da kansa. Saboda haka mutum ɗaya ya iya kula da injuna masu yawa, tunda ba sai ya zuba wa kowanne ido ba. A 1929 kamfanin Platt Brothers na Ingila ya sayi haƙƙin fasahar a kan fam 100,000, kuma daga gidan Toyoda ne kamfanin motoci na Toyota ya fito a 1937, da ƙa'idarsa ta cewa idan aibi ya bayyana a tsayar da layi nan take.

Masaƙar Kaduna Textiles ta tsaya tun 2002, amma daga Kakuri zuwa Barnawa ba nisa, kuma a can wata sana'a ta kafu. Tun 2016 da Sanusi Ismaila ya buɗe cibiyar CoLab a Barnawa, matasa daga Narayi, Sabon Tasha, Television, Ungwan Romi da ƙetaren gada suke koyon gina manhaja, wasu suna yi wa 'yan kasuwar gari da makarantu aiki, wasu suna yi wa kamfanonin waje daga ɗakunansu. Abin da nake so in kafa a wannan babi shi ne, duk wata tawaga da ke gina manhajar da kuɗin mutane ko bayanansu za su bi ta ciki, ko da mutum biyu ne, wajibi ne ta sa ƙofar gwaji mai aiki da kanta a gaban babban reshen aikinta, kuma ƙofar ta hau kan kowa, har da mai kamfanin. Rabin farko na wannan magana kusan kowa zai yarda da shi. A rabin na biyu ake samun gardama, kuma a can amfanin abin yake.

Bari in fayyace wa mai karatu yadda abin yake tafiya. A 2005 Linus Torvalds ya ƙirƙiro Git, wanda ke ba kowane magini damar yanke reshe daga babban rubutun manhaja, ya yi gyaransa a gefe ba tare da ya taɓa na kowa ba. Idan ya gama, sai ya shigar da buƙatar haɗewa, wato ya nemi a mayar da reshensa cikin babban reshe. Dandalin GitHub da aka buɗe a 2008 da GitLab da ya fara a 2011 su suka mayar da wannan buƙata wurin zama, inda abokan aiki ke ganin kowane layi da aka ƙara ko aka cire, su yi tambaya, su amince ko su ƙi. Layin gwaji shi ne abin da ke tashi da kansa da zarar an shigar da buƙatar. Wata kwamfuta a wani wuri takan ɗauko rubutun cikin sabon muhalli wanda ba kowa a ciki, ta harhaɗa manhajar daga farko, ta duba tsarin rubutun, sannan ta bi gwaje-gwajen da tawagar ta rubuta ɗaya bayan ɗaya. In duka sun wuce, alama ta yi kore. In ɗaya ya faɗi, ta yi ja, maɓallin haɗewa ya kulle. Umarnin duk wannan yana zaune a ɗan ƙaramin fayil cikin ma'ajiyar aikin. Tunanin ya girmi waɗannan dandaloli: Kent Beck ya yaɗa shi a ƙarshen shekarun 1990, manhajar CruiseControl ta fito a 2001, Jenkins ya biyo baya a 2011. Bambancin yau shi ne ba sai kana da ɗakin kwamfutoci ba kafin ka samu.

Shi gwajin kansa ba wani abin mamaki ba ne. Ɗan guntun rubutu ne da ke cewa, idan an ba manhaja kaza, dole ta mayar da kaza. Ɗauki manhajar shago a Kasuwar Sabo. Ranar 1 ga Fabrairu 2020 harajin VAT ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 7.5 cikin ɗari. Idan an rubuta adadin a wuri uku cikin manhajar, a rasit da rahoton wata da shafin mayar da kaya, mai gyara zai iya canza biyu ya manta ɗaya, kuma ba wanda zai gane sai akanta ya zo lissafi bai daidaita ba. Gwaji ɗaya da ke cewa harajin kayan naira 10,000 dole ya zama naira 750 a ko'ina ya isa ya kama wannan cikin daƙiƙa. Haka lambar waya: mutum ɗaya zai rubuta ta da sifili a gaba, gobe ya rubuta ta da 234, manhajar da ba a koya mata cewa abu ɗaya ba ne za ta buɗe masa asusu biyu. Lambar asusun banki guda 10 ce, BVN da NIN guda 11 kowanne, kuma wadda ta fara da sifili takan rasa shi idan aka ajiye ta a matsayin adadi maimakon rubutu. Kwamfuta ma ba ta iya riƙe wasu ɓangarorin lamba daidai, shi ya sa ƙwararru ke ajiye kuɗi da kwabo, su kuma rubuta gwajin da zai hana wani ya zo ya canza. Sai batun suna, wanda ya fi shafar mu. Haruffan ɓ, ɗ, ƙ da alamar da ke gaban 'ya'ya, da haruffa masu layi a ƙasa na rubutun Tyap da Jju, duk suna rikita manhajar da aka gina da tunanin Turanci kaɗai. Ɗalibar da sunanta ya fito da alamar tambaya a tsakiya a takardar sakamako ta san zafin abin. Babu wani kamfani a Amurka da zai rubuta mana waɗannan gwaje-gwaje, domin ilimin na nan wurin ne.

Za a ce ai shi ya sa ake da mai dubawa, mutum mai ido da hankali. Gaskiya ne, kuma ba na neman a cire shi. Amma a duba abin da ya sami Apple a Fabrairu 2014. A cikin rubutun da ke tantance ko shafin intanet na gaske ne ko na bogi, layi ɗaya ya maimaitu sau biyu a jere, sai ya sa manhajar tana tsallake matakin tabbatar da sa hannu. Sama da shekara guda wayoyin iPhone suna cikin wannan hali, a kamfanin da ke da injiniyoyi dubbai. Ido yana ganin abin da yake tsammanin gani, ga gajiya, ga gaggawa. Gwaji ɗaya da zai miƙa sa hannun bogi ya ce dole a ƙi shi, da ya yi ja tun ranar farko. Don haka aikin ya rabu biyu. Na'ura ta ɗauki abin da ake maimaitawa kullum, mutum ya samu sarari ya yi tambayar da na'ura ba ta iya ba: shin wannan gyaran ma shi ake bukata, kuma wanda zai karanta shi baɗi zai gane?

Yanzu ga inda na fi damuwa. An tashe mu da kunya da girmama na gaba, Hausawa da Gbagyi da Bajju da Atyap da sauran mazauna garin nan, kuma tarbiyya ce mai kyau da ba na fatan ta gushe. Sai dai tana da tsada a teburin duba rubutu. Yarinyar da ta gama bautar ƙasa bara, aka ce ta duba gyaran wanda ya koya mata aiki kuma yake biyan ta albashi, ta ga abin da bai kwanta mata ba, me za ta ce? Mafi yawa za ta rubuta "Oga, ya yi kyau" ta danna amincewa, ko ta kewaya da "Yallaɓai, ko za a sake duba nan?" cikin muryar da ke da sauƙin sharewa. Shi kuma ogan, ba don mugunta ba, ya san aikin, dare ya yi, abokin ciniki yana ta kira, sai ya tura gyaransa kai tsaye. Layin gwaji ya ɗauke wa kowa wannan nauyi. Idan alama ta yi ja, ba wanda ya yi wa babba rashin kunya, ba wanda aka kunyata a gaban yara, ƙa'idar da kowa ya amince da ita tun farko ce ta yi magana. Ƙaramin ma'aikaci yana iya cewa "gwajin haraji ne ya faɗi, ranka ya daɗe" ba tare da gabansa ya faɗi ba. A garin da ya san illar zargin son kai tsakanin wannan ɓangare da wancan, ba ƙaramin abu ba ne a ce mizanin da ake auna aikin Musa shi ake auna na Bulus. Amma duk wannan yana rushewa ranar da aka bar wa mutum ɗaya ƙofar baya. GitHub da GitLab duka suna da saitin kare babban reshe, kuma ana iya sa shi ya hau har kan masu gudanarwa. Shugaban da ya cire kansa daga ciki ya sanar da yaransa cewa gwaji na marasa ƙarfi ne, kuma za su koyi darasin da sauri. Ga shi kuwa gyaran oga ne ya fi haɗari, don shi ke taɓa sassa masu zurfi, shi ke aiki da tsakar dare, shi ne kuma ba mai iya ce masa a'a.

Akwai amfani na biyu da ya shafi halin da muke ciki. Maginin da ya ƙware a Kaduna ba ya daɗewa a ƙaramar tawaga. Ko Abuja ta ɗauke shi, ko Legas, ko kamfanin waje mai biya da dala, kuma ba laifinsa ba ne. Idan ya tafi, yakan tafi da dalilan da suka sa aka rubuta abu yadda aka rubuta shi. Wanda ya gaje shi zai ga wani layi da bai gane amfaninsa ba, ya share don tsabta, ashe shi ne ke hana a cire wa mutum kuɗi sau biyu idan sabis ya yanke a tsakiyar biya. Takardar bayani takan tsufa ba wanda ya sani, domin ba abin da ke tilasta a karanta ta. Gwaji kuwa yana tashi kowace rana, kuma ranar da aka saɓa masa zai yi ja ko da wanda ya rubuta shi yana Kanada. Tawagar da ta ɗauki al'adar rubuta sabon gwaji duk lokacin da aka kama kuskure tana tara dukiyar da murabus ba ya kwashewa.

Layin bai kamata ya ƙare a haɗewa ba, ya kamata shi ne zai kai manhajar kan uwar garke, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta don jama'a. Ranar 1 ga Agusta 2012 kamfanin hada-hadar hannun jari na Knight Capital a Amurka ya yi asarar kimanin dala miliyan 440 cikin minti 45, saboda ma'aikaci ya ɗora sabon rubutu da hannu a kan uwayen garke bakwai ya tsallake ta takwas, wadda ta ci gaba da aiki da tsohon umarni. Ba sai mun je nesa ba. Ranar 14 ga Mayu 2025 shugaban hukumar JAMB, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas ya samu matsala, kuma bayanin da aka bayar shi ne wani gyara bai kai ga wasu uwayen garke yadda ya kamata ba. Dole ɗaliban suka sake zama jarrabawa. Shekara goma sha uku tsakani, nahiya daban, ciwo iri ɗaya. Aikin da dole a yi shi daidai wa daida a wurare da yawa ba na hannun mutum ba ne.

Uzurin da aka fi kawowa shi ne tsada: wuta ba tabbas, data da kuɗi, ga dala ta yi sama tun 2023. Wannan uzuri ya fi kowanne rauni. Gwajin ba a kwamfutar magini yake gudana ba, a na'urorin dandalin yake, don haka ko an ɗauke wuta a Narayi bayan ka tura gyaranka, aikin yana ci gaba. Abin da ke fita daga wayarka 'yan layukan rubutu ne, ba su kai nauyin hoto ɗaya ba. GitHub yana ba asusun kyauta minti 2,000 a wata ga ma'ajiyar sirri, GitLab yana ba da 400, kuma tawagar mutum uku mai gwajin minti biyar za ta daɗe ba ta cinye na farkon ba. Hasali ma wanda batirinsa ke mutuwa da rana shi ya fi kowa bukatar wata na'ura ta ɗauke masa wannan aiki.

Uzurin lokaci ya fi nauyi, kuma ya cancanci a saurare shi. Abokin ciniki ya biya kuɗin manhaja, bai biya na gwaji ba, kuma yana son kayansa ranar Juma'a. Rubuta gwaji yana cin sa'o'in da ba wanda zai gani a allo. Na yarda cewa shafin talla na mako biyu, ko samfurin da za a nuna a jefar, ba ya bukatar wannan wahala. Amma manhajar da za ta rayu shekara biyu lissafinta daban ne. Kuskuren da aka kama a buƙatar haɗewa, mai shi yana tune da abin da ya rubuta, minti goma ya gyara. Wanda ya kai hannun jama'a sai an bi sawunsa cikin gyare-gyare hamsin, a gyara bayanan da ya lalata, a ba mutane haƙuri, wani lokaci a mayar da kuɗi. Ba a kuma ce a gwada komai rana ɗaya ba. A fara da inda kuɗi ke bi da inda ake shiga da kalmar sirri, gwaji goma masu kyau, a kulle ƙofa a kansu, sauran su taru a hankali.

Suka mafi ƙarfi ita ce kore yana iya yaudara. Masanin kwamfuta Edsger Dijkstra ya yi gargaɗi tun wajen 1970 cewa gwaji yana iya nuna akwai kuskure, amma ba ya iya tabbatar da babu. Ranar 19 ga Yuli 2024 duniya ta ga misali. Kamfanin tsaro na CrowdStrike ya saki wani fayil da ya durƙusar da kwamfutocin Windows kimanin miliyan 8.5, jirage suka kasa tashi, asibitoci da bankuna suka tsaya, alhali fayil ɗin ya wuce na'urar tantancewar kamfanin. Binciken da suka fitar ya nuna an tsara abin ya karɓi bayanai 21, ana ba shi 20, kuma gwaje-gwajen da aka yi ba su taɓa na 21 ɗin yadda zai fallasa giɓin ba. Wannan hujja ce ta gaske a kan duk mai ganin kore ya kwanta barci. Sai dai a lura da abin da kamfanin ya yi alkawari bayan haka: ƙarin nau'o'in gwaji, da sakin gyara kaɗan-kaɗan ga rukuni bayan rukuni maimakon kowa lokaci ɗaya. Ba wanda ya fito daga wannan masifa yana cewa a koma dogaro da ido. Abin da ya kamata a ɗauka shi ne kore yana nufin kurakuran da muka riga muka sani ba su dawo ba, iyakarsa ke nan, shi ya sa mai dubawa na nan daram, shi ya sa kuma ake ajiye hanyar komawa tsohuwar siga cikin minti kaɗan.

Abin da ya fi kashe layin gwaji a aikace ba waɗannan manyan muhawarori ba ne, sakaci ne na yau da gobe. Akwai gwaji mai taurin kai da ke wucewa yau ya faɗi gobe ba a canza komai ba, galibi don ya dogara da agogo ko da sabis na waje. Google da kansa ya bayyana a 2016 cewa kusan kashi 16 cikin ɗari na gwaje-gwajensa suna da ɗan wannan hali. Haɗarinsa shi ne mutane su saba da ja, su riƙa danna "sake gwadawa" har ya yi kore, ranar da ja na gaske ya zo a bi ta kansa. Irin wannan gwaji a gyara shi a makon ko a cire shi. Haka layin da ke ɗaukar minti arba'in, mutane za su fara neman hanyar kewaye shi, shi ya sa magabatan wannan fanni suka sa minti goma a matsayin abin nema. Idan kuma babban reshe ya yi ja, gyaransa ya riga kowane aiki. Yanzu da manhajojin ƙirƙirarriyar basira ke zubo layi ɗari cikin daƙiƙa, rubutu mai kyan gani wanda mai tura shi ma bai karanta duka ba, yawan abin da ke isowa ƙofa ya fi ƙarfin idon mai dubawa nesa ba kusa ba.

Kirana na ƙarshe ga waɗanda ba sa rubuta ko layi ɗaya ne: mai makaranta a Ungwan Boro, shugabar ƙungiyar adashi a Sabon Tasha, mai asibiti a Barnawa, jami'in da ke sa hannu a kwangilar manhajar gwamnati. Ba sai kun iya Git ba kafin ku nemi haƙƙinku. Kafin ku biya kason ƙarshe, ku ce a buɗe muku shafin buƙatun haɗewa ku ga alamun kore da ja da idonku, ku tambayi waɗanne gwaje-gwaje ne ke tsaron lissafin kuɗi, ku sa a rubuta a yarjejeniya cewa za a miƙa muku gwaje-gwajen tare da manhajar. Sannan ku yi tambaya ɗaya ga shugaban tawagar: shin shi ma ƙofar tana tsayar da shi? In ya ce a'a, ku riƙe kuɗinku har sai ya kulle ta.